Tambayi Adda: Na cika musu waya da manhaja, amma ma'aikatana sai tafiya suke yi

Assalamu alaikum Adda. Da fatan kina lafiya, ya mutanen gida? Ni manajan reshe ne a wani banki a cikin garin Gombe, shekara ɗaya da rabi ke nan da aka ba ni kujerar. Mu 19 ne a reshen har da 'yan kwantiragi, ban da masu gadi da direbobi.

Bara hedikwata ta turo mana manhajar ma'aikata. Da ita muke sa hannun zuwa aiki, a cikinta ake neman hutu, akwai kwas na bidiyo da ake so kowa ya gama biyu a wata, akwai maki da tauraro ga wanda ya yi ƙoƙari, kuma duk wata uku ana turo tambayoyi a ji ko muna jin daɗin aiki. Ni ma na ƙara nawa. Na buɗe zauren WhatsApp na reshe, kowane dare da ƙarfe 9 ina saka jadawalin ranar: wa ya buɗe asusu nawa, wa ya kawo ajiyar nawa, kowane kashiya mutum nawa ya sallama. Na farko in sa masa hoton kofi, na ƙarshe in ja masa jan layi. Wallahi niyyata in zaburar da su ce.

To Adda, cikin wata takwas mutum huɗu sun ajiye aiki. Ɗaya ya kama shago wajen Tashar Dukku yana POS, ɗaya ta koma koyarwa, biyu sun tafi kamfanonin kuɗi na waya. Waɗanda suka rage suna zuwa a kan lokaci, ba wanda ya taɓa yi mini rashin kunya, amma gangar jiki ce kawai take zuwa. Bidiyon kwas sai su kunna su kife wayar a tebur. A zaure ba abin da ake rubutawa sai "to yallaɓai". Tambayoyin wata uku kuwa, kowa ya ce komai lafiya. Wani abokina ya ce in nemi wata manhaja mai wasanni da gasa, wai ita ake yayi. Me kike gani?

Daga wani manajan reshe, Gombe

Wa alaikumus salam ƙanina. Mutanen gida lafiya lau, na gode. Na karanta wasiƙarka sau biyu. A karo na biyu na tsaya a kan jan layin nan na daɗe ban wuce ba, domin ni ma na taɓa ja wa wani.

Kada ka nemi wata manhaja tukuna. In ka yi haka ka bar jaki kana dukan taiki.

Na shiga aikin banki a Bauchi a 1992, lokacin Gombe tana ƙarƙashin jihar Bauchi, sai a 1996 aka yanka mana tamu aka dawo da ni gida. Da katin laja da biro muka fara. Ƙarshen wata in lissafi ya ƙi daidaita, ko kwabo hamsin ne, ba mai tafiya gida. Na sha yin Isha'i a bayan kanta, na sha ganin mijina a ƙofar banki kan babur yana jira. Ranar da kwamfuta ta shigo reshenmu ba wanda ya yi mana wa'azin mu so ta. Mun so ta ne don wata na farko muka ga mun isa gida kafin yara su yi barci. Da wannan ma'aunin nake auna duk na'urar da ta zo bayanta, ATM ce ko BVN (lambar tantance mai asusu da zanen yatsa) ko manhajar waya: ta sauke wa ma'aikaci kaya ne, ko ta ɗora masa? Ka duba jerin abin da ka lissafa mini. Ban da neman hutu, duk sauran ƙarin kaya ne a kan mutumin da ya yini a tsaye.

Yanzu labarin jan layina. Wajen 2018 ina riƙe da wani reshe a arewacin jihar, inda yawancin masu hulɗa da mu manoma ne da makiyaya da dillalan shanu. Kwamfuta tana nuna mini mutum nawa kowane kashiya ya sallama a yini, ni kuma na ɗauki abin da muhimmanci, ina turawa a zaure kowane dare kamar yadda kake yi. Akwai wani yaro ɗan kwantiragi da kullum shi ne a ƙasa. Abokan aikinsa su sallami mutum 100 da wani abu ranar kasuwa, shi da ƙyar ya haura 40. Na kira shi sau biyu na yi masa faɗa, ya ce in yi haƙuri zai gyara. Wata shida ya ajiye aiki.

Bai yi mako biyu da tafiya ba tsofaffi suka fara shigowa suna tambayar ina yaron nan. Ashe shi kaɗai ne a kanta yake jin Fulatanci sosai, don haka duk dattijon da bai iya cika fom ba layinsa yake bi. Tun da aka kawo BVN a 2014 muke fama da mutanen da fartanya da igiyar shanu suka shafe musu zanen yatsa. Shi ne zai zauna da tsoho yana goge masa yatsa yana sake gwadawa har na'ura ta karɓa. Shi ne zai ƙirga wa tsohuwa kuɗinta a gabanta sau biyu don hankalinta ya kwanta. Duk wannan kwamfuta ta rubuta shi a matsayin rashin sauri. Ni kuma da nake da ido, ofishina taku goma ne daga kantarsa, na zaɓi in kalli allo. Wani babban dillalin shanu ya kwashe ajiyarsa bayan tafiyar yaron, amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Na neme shi har gida na ba shi haƙuri. Ya ce mini, "Hajiya, ba albashin ba ne. Da daddare muna zaune da iyalina waya za ta yi ƙara, ita ma ta san me ya shigo." Sabon aure ne da shi a lokacin. Har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah.

Saboda haka abu na farko, jadawalin daren nan ka daina shi yau, ba gobe ba. Tun a islamiyya aka koya mana cewa nasiha a cikin taro tozarci ce. Wanda ya gaza ka kira shi ofis ka rufe ƙofa, ku buɗe alƙaluman tare, ka tambaye shi me ke faruwa a kantarsa kafin ka faɗi naka. Kuma ka san gasar lambobi tana da wani haɗari da ya wuce ɓacin rai. A Amurka, bankin Wells Fargo ya matsa wa ma'aikatansa da taget, ana jera su ana gwada wane da wane, har suka koma buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba don su cika lamba. A watan Satumban 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, ma'aikata wajen 5,300 aka kora, kuma asusun da ake zargi, da farko an ce wajen miliyan 2, daga baya lissafi ya kai miliyan 3.5. Mu ma mun san namu: asusun da ɗan maketin ya buɗe da sunan ƙanwarsa da maƙwabcinsa, aka sa naira dubu ɗaya, bai sake motsi ba. Ranar da odita, mai binciken lissafi, ya zo, kai za a fara tambaya.

Ban ce ka rufe zauren ba. Na ga ranar da zaure irin wannan ya riƙe reshe. Ka tuna canjin kuɗi: Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022, aka ce tsofaffin 200 da 500 da 1,000 za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, aka yi ta ja har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris. Shekarata ta ƙarshe ke nan a aiki, ina cikin garin Gombe. Mutane tun asuba suke layi, kuɗi babu, zagi kuwa ba irin wanda kashiyoyina ba su sha ba. A makonnin nan ba wanda ya tuna da jadawali. Abin da ake rubutawa a zaure shi ne: wace ƙofa za a bi a fita, kowa ya cire katin wuya kafin ya hau titi, wa ke da mota ya sauke mai juna biyun nan a Tumfure, na taho da masa da kunu kada kowa ya sayi abin kari. Ƙarfe 11 na dare za ka ga saƙo, "kowa ya isa gida?" kuma sai kowa ya amsa. Wayoyin nan dai su ne, manhajar ita ce, mutanen su ne. Amma ba wanda ya kife waya a lokacin, don abin da ke shigowa nasu ne.

To ka mayar musu da zauren. Ka sa doka, kai ne na farkon binta: daga Magariba ba saƙon aiki sai in gobara ce ko ATM ya sami matsalar da ba za ta kwana ba. Asabar da Lahadi haka. A Faransa tun Janairun 2017 doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu su tsara lokacin da mutum yake da 'yancin kashe wayar aiki. Mu ba sai mun jira majalisa ba, manaja ɗaya ya isa ya yi wannan a reshensa. In tunani ya zo maka da daddare, ka rubuta ka ajiye, ka tura da safe.

Sai kuma aikin da ya kamata fasaha ta yi maka tun farko. Ka tara su wata safiya kafin a buɗe ƙofa, ka tambaye su abu ɗaya: an rufe wa kwastoma ƙarfe 4, me yake riƙe mu har bayan Magariba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zan iya yi maka hasashen amsar. Daidaita lissafin ATM. Ƙorafin an cire kuɗi bai fito ba, ko taransifa ta maƙale. Da rahotannin da ake rubutawa sau biyu, ɗaya a takarda ɗaya a kwamfuta, ɗaya na ofishin shiyya ɗaya na hedikwata, alhali abu ɗaya suke tambaya. Ba ka da ikon canja babbar manhajar banki, na sani. Amma kana da ikon soke duk rahoton da kai ka ƙirƙiro wanda alƙalumansa suna nan a kwamfuta za ka iya cirowa da kanka. Kana da ikon buɗe shafi ɗaya na bai-ɗaya a kwamfutar ofis inda ake shigar da kowane ƙorafi da lambarsa da ranar da ya shigo da wanda ke bibiyarsa, ta yadda kwastoma in ya dawo ba sai ya tsare yarinyar da ya fara gani yana mata ihu ba, kowa zai iya dubawa ya gaya masa inda aka kwana. Tun 2020 Babban Banki ya ƙayyade cewa kuɗin da ya maƙale a ATM na bankin mutum a mayar nan take, in ya ƙi kada ya wuce awa 24, na wani banki kuma awa 48. Ma'aikacin da yake da wannan a gabansa, da lambar ƙorafi a hannu, yana magana da ƙarfin gwiwa. Wanda ba shi da komai sai "a yi haƙuri, natwok ne" sau 60 a yini, shi ne kake gani gangar jikinsa kawai take zuwa.

Jadawalin da ya cancanci a kafa a zaure kowa ya gani shi ne na hutu da na aikin ƙarshen mako. A reshen Gombe dole kana da mai son ya yi Kirsimeti a Kaltungo ko Billiri, kana da mai son ya yi Sallah a Dukku ko Nafada, kana da Juma'a, kana da azumi da masu son su sha ruwa a gida. In aka tsara wannan tun farkon shekara a fili, su da kansu za su riƙa musanya, wannan ya tsaya wa wancan a Disamba, wancan ya rama masa da Babbar Sallah. In kuwa a aljihunka yake, ko ka yi adalci za a ce 'yan gaban goshi ne suke samu.

Batun kwas kuwa, kada ka ga laifinsu. Mutum ya tashi daga aiki ƙarfe 7 na dare, ya yi jiran Keke, ya isa Pantami ko Bolari ba wuta, sannan a ce ya sa datarsa ya kalli bidiyon minti 40 da Turancin da ba a yi don kunnensa ba. Ni ma kifewa zan yi. Ka ɗauko kwas ɗin ka shigo da shi cikin lokacin aiki. Rana ɗaya a mako, minti 20 kafin a buɗe, da intanet ɗin ofis, a kalla tare, sannan wanda ya taɓa cin karo da abin ya ba da labari. In darasin na damfara ne, ka bar mai kula da kwastoma ta faɗi yadda aka kira wani ɗan fansho aka ce daga banki ne aka karɓi lambar sirrinsa. Wannan ba mai mantawa. Kuma ka haɗa karatun da wani abu da ake taɓawa. Tauraron cikin manhaja ba ya sayen mudun shinkafa. Amma in yaro ya ga kwas ɗin yana taimaka masa a jarrabawar cibiyar ma'aikatan banki ta CIBN, ya ga ka rubuta shi a takardar auna ƙwazonsa ta ƙarshen shekara, ya ga an tura sunan wanda ya dage a ƙara masa girma, ba sai ka bi shi da bulala ba.

Ka ce duk sun amsa komai lafiya. Ƙanina, ku 19 ne. In fom ɗin ya tambayi mace ce ko namiji, wane sashe, wane mataki, ai ya gama faɗin sunan mutum ko bai tambaya ba. Ma'aikacin banki ya fi kowa sanin cewa duk abin da aka shiga da lambar ma'aikaci yana barin sawu. Ka rubuta wa hedikwata su cire waɗannan tambayoyin ga ƙananan rassa. Kafin su amsa, ka yi naka: tambaya ɗaya a wata, ba suna, ko da a takarda ce a jefa a kwali. Abin da zai sa su yarda ba alƙawarin sirri ba ne, ganin sakamako ne. Ka karanta musu abin da aka rubuta har da mai ɗaci, ka ɗauki ɗaya ka gyara a makon, ko firintar da ta shekara tana cin takarda ce, ko wurin alwalar mata. Wanda ya fi ƙarfinka ka ce ya fi ƙarfina, na tura sama ranar kaza, ga amsar da aka ba ni. Kamfanin Gallup na Amurka da ya daɗe yana auna wannan abu ya ce a duniya kashi 23 cikin 100 ne na ma'aikata zuciyarsu take kan aikinsu a 2023, a 2024 ya sauka zuwa 21, kuma ya ce wajen kashi 70 na bambancin da ke tsakanin wannan rukuni da wancan daga shugaban rukunin yake. Ban yi mamaki ba. Na ga rassa biyu na banki ɗaya, albashi ɗaya, manhaja ɗaya, ɗaya ana roƙon a kai mutum, ɗaya ana roƙon a fitar da shi.

Ka duba mini abu ɗaya gobe: 'yan kwantiraginka suna cikin manhajar nan kuwa? A wurare da yawa sunansu yana cikin jadawalin taget, amma ba ya cikin shafin kwas, ba ya cikin na lamuni, ba ya cikin na tambayoyi. Su ne a kanta, su ne a rana, su ne albashinsu ya fi ƙanƙanta, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya cinye musu kaso mai tsoka. Ba manhajar da za ta rufe wannan ramin, kada ka yaudari kanka ko ka yaudare su. Abin da za ka iya shi ne ka juya alƙaluman nan su yi musu aiki. Ka ciro tarihin yarinyar da ta shekara uku ba a taɓa samun gibi a lissafinta ba, ka haɗa da takarda ka tura sama ka ce a tabbatar da ita a matsayin cikakkiyar ma'aikaciya, ka nuna mata kwafin. Ka rubuta wa hedikwata mutum huɗun da ka rasa, da abin da aka kashe kafin sababbi su iya aikin. Kuma ka kira huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ba a matsayin manaja ba, ka ce su gaya maka gaskiya tunda yanzu ba abin da za ka iya yi musu. Na wajen Tashar Dukku ka je shagonsa da ƙafarka.

* * *

Adda, barka da aiki. Ni 'yar maketin ce a wani banki a Azare, ta hannun kamfanin kwantiragi. An ce dole mu sa wata manhaja a wayoyinmu da ke nuna inda muke, don a tabbatar muna fita neman kwastoma. Wayar tawa ce, da kuɗina na saya. Ina tsoron ko suna ganin hotunana da saƙonnina, kuma maigidana ya ce shi bai yarda wani namiji ya riƙa sanin inda matarsa take dare da rana ba. In na ƙi sawa kuma ina tsoron aikina. Ya zan yi?

Daga wata 'yar'uwarki, Azare

Ƙanwata, tsoronki yana kan hanya, maganar maigidanki ma haka. Amma akwai matakai tsakanin ƙin sawa da miƙa wuya.

Manhaja ba ta ganin abin da ba ki ba ta izini ba. Ki shiga saitin wayarki, ki nemo sunanta, ki buɗe wurin izini. Za ki ga wuri, kyamara, hotuna, lambobin waya, makirfo. Ki kashe duk wanda aikin bai buƙata. A na wuri akwai zaɓin a bar ta ta gani koyaushe, da zaɓin sai lokacin da kike amfani da ita. Ki ɗauki na biyun, in kin tashi aiki ki rufe ta. Ki zauna da maigida ku yi wannan tare ya gani da idonsa, gani ya kori ji. In manhajar ta ƙi aiki sai an ba ta komai, ko ta nemi a ba ta ikon sarrafa wayar gaba ɗaya, to wannan ba ta wayar mutum ba ce, banki ya ba ku wayar aiki.

Kina da doka a bayanki. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce mai tattara bayanan mutum ya gaya masa me yake tattarawa da dalili, kada ya ɗauki fiye da buƙata, kuma mutum yana da ikon tambayar me aka ajiye a kansa. Ki rubuta wa shugabanki cikin ladabi, gara ku haɗu ku uku ko huɗu ku sa hannu: me manhajar take ɗauka, wa yake gani, tana aiki bayan an tashi? Tambaya ba tawaye ba ce. Ko a Landan, a Fabrairun 2020 bankin Barclays ya gwada wata manhaja mai ƙirga mintocin da ma'aikaci ya yi a teburinsa, da ma'aikata suka koka labari ya fita, ya janye bin mutum ɗaya-ɗaya.

Abin yana da amfaninsa in an tsaya a iyaka. Mace ita kaɗai a hanyar Misau ko Gamawa ranar kasuwa, gara a ce ofis ya san inda take, kuma da shi za ki kafa hujjar kuɗin motarki. Wanda ya fi ba ni tsoro a wayarki wani abu ne da ba ki ambata ba: hotunan katin shaida da lambobin BVN na kwastomomi da kuke ɗauka ku tura ofis ta WhatsApp. Na san ana yi. Yara suna wasa da wayar, ana sace waya a kasuwa, kuma ranar da aka damfari wani da bayanan nan ke za a riƙe. Ki shigar ta hanyar da banki ya tanada, ki goge na cikin wayarki yau.

* * *

Hajiya, sallama da gaisuwa. Shekarata 26 a aikin banki a nan Bauchi. An canja mana babbar manhajar aiki, yaran da na koya wa ƙirga kuɗi yanzu sun fi ni sauri, ina jin nauyin tambayarsu. Har na fara tunanin in ajiye kafin a ce in ajiye.

Daga wani abokin aikinki, Bauchi

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wanda ya tsallake haɗewar bankuna ta 2005, lokacin da 89 suka koma 25, aka canja masa suna da tambari da manhaja a lokaci guda, ba sabon allo ne zai kore shi ba. A 2024 ma manyan bankuna da dama sun canja tasu, kuma yaran da kake gani sun sha wuya a makonnin farko, sun dai fi mu saurin ɓoyewa.

Ka zaɓi ɗaya daga cikinsu mai hankali, ka ce masa ciniki za ku yi. Shi ya nuna maka allon minti 15 kullum bayan an rufe, kai ka nuna masa yadda ake gane sa hannun da aka kwaikwaya, da yadda ake lallashin babban ɗan kasuwar Muda Lawal da ya shigo a fusace. Zai ji ka girmama shi, kuma abin da zai karɓa ya fi wanda zai bayar. Ka tambayi sashen kwamfuta ko akwai manhajar gwaji wadda kuskure a cikinta ba ya taɓa kuɗin kowa, ka yi ta maimaitawa a can. Ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta matakan da hannunka, da Hausa in ta fi zauna maka, ni haka na yi duk lokacin da aka canja mana. Ka fara da ayyuka biyar da ka fi yi kullum. Na ƙarshen wata ka bar shi sai ƙarshen watan ya zo, ranar ka ce yaron ya jawo kujerarsa kusa da taka.